Tara tsofaffin takardun sefa: yadda za ka karanta takarda, ka gane mai wuyar samu, ka adana ta

Tun ranar 1 ga Maris 2023 takardun sefa na zubin 1992 suka daina zama kuɗi a ƙasashe shida na BEAC, babban bankin ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, wa'adin canza su ma ya wuce. Duk da haka suna nan a ƙasan adaka, a tsakanin shafukan littattafai, a aljihun tsofaffin riguna a Garwa, Marwa, Kusiri da Njamena, wani lokaci tare da waɗanda suka girme su da shekara talatin. Yawancinsu ba sa kawo komai a wajen masu tarawa. Kaɗan daga ciki suna kawowa, kuma ba tsufa ne ke raba su da sauran ba. Abin da ke raba su ƙananan alamu ne: harafi ɗaya, sa hannu, sunan ƙasa, kwanan wata, sai kuma lafiyar takardar kanta. Wanda ya iya karanta waɗannan ya iya sana'ar.

Fara da zaɓen fage

Kada ka ce za ka tara kuɗin duniya baki ɗaya. Jarinka zai ƙare a kan tarkace, ba ka kuma ƙware a komai ba. Zaɓi abu ɗaya da idonka zai saba da shi: takardun Kamaru daga 1961 zuwa 1992, ko na Cadi kaɗai, ko takardar jaka ɗaya, wato faran 1,000, ta dukan ƙasashen BEAC, ko duk wadda ke ɗauke da hoton Ahmadu Ahijo. Ga mai farawa, zubin 1992 da na 2002 sun fi dacewa, don ana samunsu da araha, kuma a kansu ake koyon haruffa da sa hannu ba tare da an yi babbar asara ba.

Kayan aiki ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki goma, rula mai milimita, ƙaramar tocila, fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke duba kuɗi da ita, ledojin ajiya, da littafin rubutu.

Wa ya fitar da ita?

Abu na farko da za ka karanta shi ne sunan bankin da ke saman takardar, domin shi ke nuna zamaninta ko da babu shekara a jiki. An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945. A yankinmu masu fitar da takarda sun biyo juna haka: Caisse Centrale de la France Libre daga 1941, Caisse Centrale de la France d'Outre-Mer daga 1944, Institut d'Émission na Afirka ta Ikwaita da Kamaru daga 1955, Banque Centrale daga 1959, sai BEAC wanda aka kafa a 1972, ya koma da hedkwatarsa Yawunde a 1977. Ikwatoriyal Gini ba ta shigo ba sai 1985, saboda haka duk wanda ya nuna maka sefarta ya ce ta shekarun 1970 ce, ka san bai san kayan ba.

A takardun Kamaru sunan ƙasa ma agogo ne. République Fédérale na nufin zamanin tarayya, 1961 zuwa 1972. République Unie daga 1972 zuwa 1984. République du Cameroun zalla daga 1984. Akwai takardun da zanensu ɗaya ne, launinsu ɗaya, amma ɗaya na da kalmar Unie, ɗaya babu. A wajen mai tarawa waɗannan takardu biyu ne daban, kowace da gurbinta. Haka abin yake a Afirka ta Tsakiya: takardun Bokasa masu rubutun Empire Centrafricain na ɗan gajeren zamanin daularsa ne, wadda ta faɗi a Satumba 1979, kuma ana nemansu daban da masu rubutun République.

A Cadi, wadda kowa ke buri ita ce jaka goma ta 1971 mai hoton Tombalbaye, shugaban ƙasar na lokacin. Dalilin wuyarta a fili yake. Jaka goma a wancan lokaci dukiya ce, ba wanda zai jefa ta cikin akwati ya manta, sai a kashe ta ko a mayar banki. Wannan ƙa'ida ce da ta shafi kusan kowane zubi: manyan takardu sun fi ƙanana wuyar samu da lafiyarsu. Akwai kuma ta faran 100 mai hoton Félix Éboué, gwamnan Cadi da ya bi Faransa mai 'yanci a Agusta 1940. Takardun gaggawa da Jamusawa suka fitar a Kamaru a 1914, na mak 5, 50 da 100, waɗannan kayan gwanjon Turai ne. In wani ya miƙo maka ɗaya a bakin kasuwa da arha, fara da zaton kwafi ce.

Harafin ƙasa, inda aka fi yin tuntuɓe

A wasu zubin ba a rubuta sunan ƙasa ba, harafi ɗaya ne ke nuna inda aka fitar da takardar. Matsalar ita ce haruffan sun canza ma'ana daga zubi zuwa zubi.

A takardun farkon shekarun 1960, A na Cadi ne, B Afirka ta Tsakiya, C Kwango, D Gabon.

A zubin 1992, wanda ya fara fita a 1993: E Kamaru, P Cadi, C Kwango, F Afirka ta Tsakiya, L Gabon, N Ikwatoriyal Gini.

A zubin 2002: U Kamaru, C Cadi, T Kwango, M Afirka ta Tsakiya, A Gabon, F Ikwatoriyal Gini.

Duba da kyau. Harafin C na Kwango ne a 1993, amma na Cadi ne a 2002. F ya tashi daga Afirka ta Tsakiya ya koma Ikwatoriyal Gini. A, da yake na Cadi a da, ya zama na Gabon. Mai tara takardun Cadi da ya haddace "C" kawai zai cika kundinsa da na Kwango bai sani ba. Saboda haka tantance zubin tukuna, sannan ka karanta harafin. Kada kuma ka haɗa su da sefar yamma ta BCEAO da fatake ke shigowa da ita daga Nijar. Tata haruffan daban ne, H ne na Nijar, C kuwa na Burkina Faso.

A kasuwannin arewacin Kamaru E da U ne suka fi yawa, sai P da C na Cadi saboda cinikin shanu da zirga-zirgar gadar Ngeli. Na ƙasashen kudu masu nisa ba sa yawan hawowa nan, shi ya sa cika jeri guda na haruffa shida kan ɗauki lokaci.

Shekara, sa hannu da lamba

A zubin 1992 shekarar tana ɓoye cikin lambar takarda: lambobi biyu na farko su ne shekara. Mai farawa da 94 ta 1994 ce, mai farawa da 00 ta 2000 ce. Ba kowace shekara aka buga adadi ɗaya ba, don haka takarda biyu masu kama da juna kan bambanta a farashi.

Zubin 2002 kuwa shekara ɗaya ce a jikin dukansu, ko da an buga su shekaru goma sha biyar bayan haka. Nan sa hannu ne kaɗai jagora. Gwamnonin BEAC su ne Casimir Oyé-Mba daga 1978 zuwa 1990, Jean-Félix Mamalepot zuwa 2007, Philibert Andzembe zuwa 2010, Lucas Abaga Nchama zuwa 2017, Abbas Mahamat Tolli ɗan Cadi zuwa 2024, sai Yvon Sana Bangui. Lura da cewa Mamalepot ya yi shekara goma sha bakwai yana sa hannu, Andzembe kuwa bai cika uku ba. Gwamna mai gajeren zamani shi ake fara dubawa. A gefen sa hannun gwamna akwai na biyu, na mai binciken banki, ƙarƙashin kalmar Censeur, shi ma yana canzawa. Haɗin sa hannun biyu shi ne iri. A tsofaffin takardu ka karanta muƙamin da ke bisa sa hannun: mai Le Directeur Général ta riga mai Le Gouverneur fitowa.

Takardun da aka buga bisa tsarin Bankin Faransa suna da lamba iri uku: harafi da adadi kamar C.3, gajeriyar lamba, da doguwar lamba. Ukun nan a ɗaure suke da juna, kuma wannan lissafi ne da zai tsare maka kuɗinka. Haruffan ashirin da biyar ne, babu I, W kuma ita ce ta ƙarshe bayan Z. In gajeriyar lambar mai gurbi biyar ce, kowane harafi na ɗauke da takarda 100,000, kowane zagaye na haruffa 2,500,000. Ɗauki C.3 mai lamba 12345. Zagaye biyu sun wuce, 5,000,000 ke nan. Haruffa biyu sun wuce, A da B, 200,000. Ƙara 12,345. Doguwar lambar dole ta zama 5,212,345, da sifirori a gabanta. In ba ta fito haka ba, sake lissafin, in har yanzu ba ta fito ba, ajiye takardar ka tafi. Ko ba ka son lissafi, duba cewa ƙarshen doguwar lambar daidai yake da gajeriyar. Masu tarawa na son harafin W, don a tsarin Faransa da ita ake cike gurbin takardun da suka lalace wajen bugu.

Lambobi masu kyan gani ma suna da masoyansu: ƙaramar lamba mai sifirori da yawa a gaba, mai maimaita adadi ɗaya, da wadda karatunta daga dama da hagu ɗaya ne. Amma sai takardar tana sabuwa suke ƙara daraja. Kyakkyawar lamba a jikin tsumma ba ta kawo komai.

Taswirar 1985 da sauran bambancin bugu

Takardar jaka ɗaya ta tsakiyar shekarun 1980, wadda a Kamaru take da hoton Paul Biya, tana ɗauke da taswirar ƙasashen bankin. A bugun farko na 1985 saman taswirar Cadi bai cika ba, layin iyakar arewa a yanke yake. An gyara a bugun da ya biyo baya. Yawancin ƙasashen na da iri biyun, mai yankakkiyar taswira da mai cikakkiya. Kada ka dogara da kwanan wata kaɗai, sa gilashi ka bi layin iyakar da idonka.

Wani bambancin da yatsa ke ganewa: wasu takardun 500 da na jaka ɗaya na shekarun 1960 da 1970 an buga su iri biyu. Akwai bugun sassaƙa, wanda tawadarsa ke tudu har ka ji ta in ka shafa a hankali, akwai kuma bugun shimfiɗe mai santsi. Haska tocila daga gefe, kusan a kwance da takardar, tudun tawadar zai yi inuwa.

Sai takardun samfuri masu kalmar SPECIMEN, a buge ko a huhhuje, yawanci lambarsu sifirori. Waɗannan ba a kashe su ba, an raba wa bankuna ne don su san sabon zubi. Hatimin roba ba wuya gare shi ba, kowa na iya sassaƙa shi a bakin titi, saboda haka SPECIMEN a kan takarda mai lambar yau da kullum abin zargi ne.

Mazauna bakin iyaka, daga Fotokol zuwa hanyar Mubi, za su riƙa cin karo da kuɗin Najeriya: fam da sule na kafin naira, wadda ta fara ranar 1 ga Janairu 1973, takardar kwabo hamsin, da nairorin da aka canza wa launi a 1984. Fage ne mai daɗi ga mai karanta ajami. Takardun Biyafara kuwa suna da suna amma suna da yawa, musamman marasa lamba, kada a saye ka da labarin yaƙi.

Lafiyar takarda

Iri ɗaya, shekara ɗaya, amma sabuwa na iya ninka tsohuwa sau da yawa a farashi. Dillalan da ke magana da Faransanci suna da matakai, kuma da su za ka yi ciniki. NEUF ita ce wadda ba ta taɓa ninkuwa ba, kusurwoyinta huɗu a tsaye. SPL na da alamar ƙirge ko ninki ɗaya marar ƙarfi. SUP na da ninki marar ƙarfi har uku ko ƙwaƙƙwara guda, amma takardar na da ƙarfinta da haskenta. TTB ta yi yawo, ninki da dama, ɗan datti, ba ta yi laushi ba tukuna. TB ta yi laushi, gefenta ya fara tsagewa kaɗan. B kuwa ta sha jiki. A kasuwar masu Turanci za ka ga UNC, AU, XF, VF, F da VG, a jere ɗaya da waɗancan. Kamfanonin tantancewa irin PMG suna ba da maki daga 1 zuwa 70 su rufe takardar cikin leda, amma kuɗin aikawa da na aikin bai dace da takarda mai arha ba.

Ga yadda ake dubawa. Wanke hannu ka busar, ba mai ba turare. Ɗaga takardar ga haske ka ga hoton ɓoye, zaren tsaro in zubin na da shi, da duk wani huji. Sannan kwantar da ita ka haska daga gefe, nan ne ninkin da ido bai gani ba ke fitowa. Bi kusurwoyi da gilashi. Auna tsawo da faɗi, don wasu kan datse gefen da ya tauye da reza.

Ƙananan huji biyu a gefen hagu ba abin tsoro ba ne a tsofaffin takardun bugun Faransa. Ma'aikatan banki kan soke damin takarda da fil a da. Suna rage daraja, amma ba alamar jabu ba ne. Abin da ya fi muni shi ne tsatsar da fil ɗin ya bari, da rubutun biro na 'yan kasuwa, da tabon goro ko na manja.

Kada ka gyara

Nan ne mutane suka fi ɓata dukiyarsu da hannunsu. Mutum ya sami takarda mai daraja, ya ga ta yi datti, sai ya wanke ta da garin sabulu ko ruwan jabel, ya bi da dutsen guga. Wanki na cire ƙarfin takardar ya dusashe launi, garin sabulu kuma na barin sinadarin da ke ƙyalli fari-shuɗi a ƙarƙashin fitilar 'yan canji, alhali takardar kuɗi ta auduga ba ta ƙyalli. Guga na danne tudun tawada, ya bar sheƙi, ninkin kuma bai tafi ba, ya zama farin layi. Gogaggen dillali zai gane cikin minti ɗaya, wani lokaci da hanci ma. Salatif na rikiɗa ya zama ruwan ƙasa, mansa ya ratsa takardar, ba ya fita. Mafi muni duka shi ne kai ta shagon hoto a manne ta cikin leda da zafi kamar katin shaida. Wadda aka yi wa haka ta mutu.

Takarda mai datti ta asali ta fi wankakkiya daraja. In kusurwa ta naɗe, buɗe ta a hankali da gefen kati mai tsabta, sa ta a leda, shi ke nan.

Fitilar nan ita ce kuma ke tona kwafi: takardar ofis na ƙyalli gaba ɗayanta. A gilashi, bugun injin kwamfuta ɗige-ɗige ne masu launi, na asali kuwa layuka ne sirara marasa yankewa. Hoton ɓoye na gaskiya a cikin naman takardar yake, ba a ganinsa sosai sai an ɗaga. In ka gane jabun kuɗin da ake kashewa yanzu ne, kada ka ajiye shi da sunan tarawa, riƙe shi na iya jawo maka shari'a.

Ajiya a ƙasar zafi da ƙura

Kowace takarda da ledarta. Duba alamar da ke jikin ledar ko kwalinta: lamba 1 ko 5 cikin kusurwa uku sun yi, lamba 3 ita ce PVC, guje ta. Ana gane PVC da laushi da warin sabuwar roba. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da Garwa da Njamena ke wuce digiri 40, tana fitar da maiƙo ta manne da tawada. Ledar ta fi takardar girma da kamar milimita biyar ta kowane gefe, don kada kusurwa ta tokare wajen sakawa.

Jera ledojin a kwance cikin akwatin da ke rufuwa ruf, nesa da ƙasa da bango saboda gara, nesa da rufin kwano saboda zafi, nesa da taga don rana na cin launi, ja musamman. Danshin da ake so tsakanin kashi 45 ne da 55 cikin ɗari. Daminar Yuli zuwa Satumba na wuce haka, a Gaundare ma ta fi tsawo, sai fumfuna da ɗigon tabo ruwan ƙasa su bayyana. Sa 'yan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi, irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ka canza su a tsakiyar damina. Da hunturu matsalar akasin haka ce: takarda na bushewa ta yi saurin tsagewa, ƙura kuma na gogar fuskarta, don haka rage yawan fito da su. Kada ka ɗaure da roba, kada ka sa ƙarfen maƙale takarda, kada turare ko maganin ƙwari su taɓa su. Buɗe akwatin ka duba sau ɗaya a wata.

Saye da rubutawa

Tsofaffin 'yan canji, 'yan koli da dillalan shanu da suka daɗe a harka su ne ma'adana. Gaya musu ainihin abin da kake nema, nuna hoto a waya. In takardun daga akwatin mamaci suka fito, na magada ne, sai da yardarsu, kuma gaya musu gaskiyar abin da suke da shi ya fi saye da rufa-rufa. Batun sayen takardar da har yanzu kuɗi ce a kan fiye da abin da aka rubuta a jikinta, wannan tambaya ce ta malamai, a yi ta kafin ciniki.

Kowane iri na da lambar kundi da ake kira lambar Pick, da ita ake nemansa a intanet, a shafuka irin Numista. Wajen farashi, duba abin da aka sayar a zahiri, ba abin da mai kaya ya rubuta yana jira ba. A cinikin WhatsApp nemi hoton gaba da baya, da wanda aka ɗaga ga haske, lambar tana karantuwa, kuma lambar da aka turo maka ta zama ita ce ta iso. Yawan sifiri ba daraja ba ne: takardun Jamus na 1923 masu miliyoyi suna nan jibge da arha, ta tiriliyan ɗari ta Zimbabuwe kuma kwafinta sun cika kasuwa. Wanda ya zo da labarin baƙaƙen takardu da za a wanke su zama kuɗi, ko wani Bature da ke jiran tsohuwar sefa da miliyoyi in ka fara biyan kuɗin rajista, ɗan damfara ne.

Duk takardar da ta shigo hannunka, rubuta ta ran nan: ƙasa, adadi, zubi, harafi, sa hannu, cikakkiyar lamba, matakin lafiya, aibinta, inda ka saya da nawa. Rubuta a littafi ko a ɗan guntun takarda da za ka maƙala a bayan ledar, ba a jikin kuɗin ba ko da fensir. Ɗauki hoton kowace ɗaya ka ajiye a wani wuri ban da wayarka. In zubin 2002 kake tarawa, yanzu ne lokacin ware masu kyau daga canjin da ke shigowa hannunka, tun da zubin 2020 da ya fito ranar 15 ga Disamba 2022 yana maye gurbinsu. Fara da na 500, su ne suka fi saurin tsufa a hannun mutane.